Bencin Bebaye

Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafar, yaya kunnen? Yaya ɗanmu da matarsa, da jikokin nan naki masu hana ki barcin rana? Mu nan lafiya lau, sai kewarki. Kin ce in daina kiran ki a waya tunda rabin maganata iska ke kwashewa, rabin kuma kunnenki ke ƙin karɓa. To ga shi na koma biro da takarda kamar 'yar firamare. Direban da ke kai miki maganin ƙafa shi zai riƙa kai miki surutuna.

Cibiyarki tana nan yadda kika bar mini ita, a tsohon siton nan na bakin babban lambatu, kwanon yana yoyo a kusurwar da kika sani, bokitin da kika tara ma ban ɗaga shi ba. Yara na zuwa da an tashi makaranta, da yunifom ɗinsu da yunwarsu. Litinin zane a wurin Mai-zane, Talata wasan kwaikwayo a wurina, Alhamis majalisa. Kuma kwantar da hankalinki, dokarki ba wanda ya taɓa ta: ranar majalisa yara ne ke magana, su ne ke yanke shawara, mu manya mu koma bencin baya mu tsuke bakinmu. Har suna suka raɗa masa bayan tafiyarki, wai bencin bebaye. Tsohon makirufon nan da kika tsinto a wurin 'yan gwangwan, wanda ko waya ba shi da ita balle ya ƙara murya, har yau wanda ya riƙe shi ne kaɗai ke da baki.

Kin tuna 'yar Tela ta layin bakin lambatu, wadda kika bari tana laɓewa a bayan ƙofa in an ce ta faɗi sunanta? Ita yara suka zaɓa shugabar majalisa bana. Lauya suke kiran ta yanzu, don in ta kama gardama sai ka rantse biyan ta ake yi. Tsayi ta yi, ga ido a tsaye. In na kalle ta sai in ce Yaya ta yi shuka ta tafi ta bar ni da girbi.

Ga labarin da ya sa na ɗauki biro. Ruwan farkon damina ya sauka da ƙarfi, lambatu ya cika ya batse, ya shiga gidajen layin har ƙugu. Wata ƙaramar yarinya 'yar ajin zane ta zame a hanyarta ta zuwa wurinmu, ba don wani bakanike ya fizgo ta ba da yanzu wani zancen ake yi. Takalminta ɗaya dai ya tafi. Ranar Alhamis yara suka zo da zafinsu, aka yi ta miƙa makirufo hannu zuwa hannu. Daga ƙarshe suka tsaya a kan shawarar Lauya: za su bi gidajen layin kaf, su ja shuɗin layi a jikin kowane bango daidai inda ruwa ya kai, su zana kifaye a ƙarƙashinsa. Sai su ɗauki hotuna, su kira 'yan jarida, su kai wa hukuma, don a zo a yashe lambatun a sa masa shinge.

Yaya, shawarar ta yi kyau, ko ke sai kin tafa. Amma ina zaune a bencin sai na tuna wata magana da matar Tela ta taɓa yi mini muna shanya, cewa duk layin nan babu gidan da ke da takarda. Iyayensu ne suka zo suka kafa ɗaki ɗaya-ɗaya a bakin ruwa lokacin da ba mai son wurin, kuma abin da ya zaunar da su har yau shi ne ba wanda ya waiwayo ya lura da su. Ban san lokacin da hannuna ya tashi sama ba. Lauya ta hango ni, ta kai mataccen makirufon nan bakinta, ta ce, “Malama, a ina kike zaune?” Ɗakin ya kwashe da dariya, har Mai-zane da ke gefena. Na mayar da hannun kan ɗankwalina kamar dama gyara shi zan yi. Wallahi kunya na ji, amma daɗin ya fi kunyar yawa.

Da aka tashi na tare ta a bakin ƙofa na ɗan gutsura mata abin da ke raina. Kin san da me ta amsa mini? Da maganarki, ko wasali ba ta sauya ba: wai wanda ya ga ɓarna ya yi shiru da shi aka yi ta. Ta ƙara da cewa ba bangon da za su taɓa sai mai gidan ya yarda da bakinsa. Na ga ai haka ne, tunda manya za a tambaya, su suka fi ni sanin gidajensu. Na bar maganar a nan.

Ki gaida mutanen gidan duka. Ki riƙa taka ƙafar nan ko zuwa ƙofar gida ne, kar ki ce sai ta daina ciwo.

Taki har kullum,
Auta

* * *

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da duk wanda ke ƙarƙashin rufin nan. Amsarki ta iso, na karanta wa Mai-zane wurin da kika ce hannun nawa da aka sauke shi ne satifiket ɗin cibiya. Ya ce a sa shi a firam. Yaya jikin jaririn da kika ce yana haƙori? Allah Ya sawwaƙe.

An ja layi, Yaya. Da kina nan da sai kin manta da ciwon ƙafa. A bangonmu suka fara, wai mai wa'azi ya fara da gidansu. Daga nan suka bi gida-gida suna sallama, Lauya a gaba da bayani, ƙanana a baya da gwangwanayen fenti. Ni da na zaci iyaye za su noƙe, sai ga shi har rige-rige ake yi. Mutanen nan sun gaji da kwashe ruwa da kwano duk damina, kuma ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa musu ƙofa ya tambaye su ina ruwan ya kai. Wata tsohuwa cewa ta yi ita a zana mata babban kifi, tunda ta fi kowa daɗewa tana kwana da su. Tela kuwa da ya ga layin yaran na karkacewa, sai ya baro kekensa ya fito da tef ɗin awo da alli, ya durƙusa yana fitar musu da shi tsaf kamar zai yanka shadda. Ya ce aikin da za a nuna wa manya ba a yin sa a karkace.

Wuri ɗaya ne layin ya yanke. Kin san mai gidan bulo, wanda katangarsa ta shigo har tsakiyar lambatu ta matse shi kamar wuyan kwalba. Kowa a unguwar ya san daga nan ruwan ke tokarewa ya dawo wa mutane. Yara na isa ya fito da tiyo ya ce duk wanda ya ɗiga masa fenti sai ya yi masa wanka. Suka ba shi haƙuri suka wuce, tunda sun yi alkawari ba za su taɓa bangon da ba a yarda ba. Don haka shuɗin ya tsaya a gefen katangarsa, ya tsallake, ya ci gaba a ɗaya gefen. Yaran sun ji haushi, wai ya ɓata musu hoto.

Ranar da aka gayyaci mutane, layin ya cika. 'Yan jarida sun zo da kyamarorinsu, hukuma ta turo wani babban jami'i da injiniya. Tela ya ɗinka wa 'yarsa sabuwar riga shuɗiya don ranar, ya tsaya can baya da almakashi a aljihu yana ta gyara hula. Lauya ta hau kan tebur da makirufonki. Wani ɗan jarida ya miƙo mata nasa mai aiki, ta ce a bar ta da wanda ta saba. Ba ta duba takarda ba. Ta ba da labarin takalmin da ruwa ya tafi da shi, ta nuna layin, ta ce ba sadaka suke roƙo ba, so suke a zo a ga inda suke kwana. Na juya don kar yara su ga idona, sai na tarar da matar Tela ita ma ta juya, muka haɗa ido muka yi dariya da hawaye.

Jami'in ya yaba ƙwarai. Ya ce aikin da ofishinsa zai yi watanni yana yi, yara sun gama masa shi da buroshi, ya nemi a ba shi hotunan duka, kowane gida da nasa. Yara suka miƙa ana tafi. Injiniyan ne dai bai yi tafi ba. Shi ƙasa yake ta kallo, yana ƙwanƙwasa gindin bangaye da takalminsa, har ya tambayi Mai-zane ko su wa ke da gidajen. Mai-zane ya ce masu su ne a ciki. Ya gyaɗa kai ya shige mota.

Wannan gyaɗa kan ya tsaya mini a rai, ban ɓoye miki ba. Amma kin san halina, tun muna yara ke ce mai cewa ina ganin maciji a kowace igiya. Unguwa na cikin murna, yara sababbi sai zuwa suke yi har benci ya yi mana kaɗan, iyaye na tare ni a hanya suna sa albarka. Bari in ci wannan daɗin tukuna.

A gaida kowa da kowa. Na sa miki hoton Lauya a kan tebur, ki duba tsayuwar nan ki ce ba taki ba ce.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta

* * *

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da yara da iyayensu. Ki yafe mini shirun da na yi, na zauna zan rubuta ya fi a ƙirga, biron ne ke yi mini nauyi. Direba ya ce ya ba ki labari a tsaitsaye, kuma na ga 'yar takardar da kika aiko. Zan zo kanta. Bari in fara gaya miki abin da idona ya gani.

Hukuma ta waiwayo mu. Wata safiya wasu ma'aikata suka sauka da gwangwanin jan fenti da hotunan yaranmu a hannu. Ba su auna komai ba, ba su tambayi kowa ba. Shuɗin layin suka bi, duk bangon da ke da shi suka gicciya masa ja a saman kifayen. Da suka kai katangar mai gidan bulo, inda layin ya yanke, su ma suka yanke, suka tsallake suka ci gaba a ɗaya gefen. Yana tsaye a ƙofarsa da tsinken sakace. Bangonmu ma ya samu nasa jan, tunda a kansa aka fara. Takardar da suka liƙa ta ce gine-ginen suna kan hanyar ruwa, ga shaida a hoto wadda masu gidajen da kansu suka yarda aka zana, don haka kowa ya kwashe kayansa kafin damina ta yi nisa.

Ban taɓa ganin abin tausayi irin na yinin nan ba. Mata da yashi da soson ƙarfe suna gurzar bango har hannu na jini. Wasu suka sayo farar ƙasa suka shafe, tana bushewa shuɗin ya sake leƙowa, don Mai-zane fenti mai kyau ya zaɓo mana, wanda ruwa ba ya wankewa. Tsohuwar nan mai babban kifi ta rataya tabarma a kan nata. Duk a banza, hotunan suna ofis.

Kin san zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ba wanda ya zagi hukuma, mu ake zagi. Kullum sai na tarar an watsa mana ruwan wanke-wanke a ƙofa. Matan da ke sa mini albarka yanzu in na yi sallama sai su duƙufa a kan abin da suke yi. Iyaye sun janye yaransu, har waɗanda jan bai shafa ba, wai wurinmu ake koya wa yaro ya jawo wa gidansu rusau. Mai-zane ya daina zuwa tun ranar da aka jefe shi da dutse. Ban ga laifinsa ba, yana da ƙananan yara.

Lauya ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Majalisa ta kira da 'yan yaran da suka rage, suka yi duk abin da muka koya musu, ɗaya bayan ɗaya, kamar masu bitar jarrabawa. Suka rubuta koke, suka yi rubutu a kwalaye, suka jera zuwa ofishin hukuma, ni ina biye a baya da jarkar ruwa. Mai gadi ya ce jami'in ya yi tafiya. Muka koma, ya ce yana taro. Muka sake komawa, bai ma ɗago kai ba. 'Yan jaridar da suka yi ta ɗaukar ta hoto suka ce ai sun riga sun yi labarin lambatu. A hanyar dawowa ta tambaye ni ko akwai wani mataki da ya rage a cikin abin da aka koya musu wanda ta manta. Na ce babu, duka ta yi.

Na je shagon Tela da kaina, na shirya wa zagi, har ina fatan ya zage ni in samu sauƙi. Ya ba ni kujera, ya ci gaba da taka keke. Na yi ta magana, ban ma san me nake cewa ba. Sai da ya kai ƙarshen ɗinkin ya ciji zare, sannan ya ce, “Malama, ni na ba su tef ɗin.” Ya jawo wani ƙyallen ya ci gaba da ɗinki. Matarsa ce ta raka ni ta gaya mini cewa shi da 'yar ba sa haɗa ido a gidan. Ba faɗa suka yi ba. In ya shigo ta fita, in ta shigo ya tuna yana da aiki a shago.

Yanzu takardarki. Kin ce dokar ba ta yi laifi ba, kin ce shugabanci ba ya koyuwa sai yaro ya ɗanɗani abin da shawararsa ta haifa, kuma da na yi magana ranar da na rushe abin da muka yi shekaru muna ginawa. Yaya, ke kika goya ni, ban taɓa mayar miki da magana ba, amma yau ki yi haƙuri da ni. Lokacin da kika kafa dokar nan, shawarar da yara ke yankewa ita ce wane launi za a shafa wa ƙofa, wa zai fito a sarki a wasan kwaikwayo. In sun yi kuskure a sake fenti. Mun koya musu yadda ake ɗaga murya, ba mu taɓa koya musu su duba wa ke saurare ba, don mu ma ba mu taɓa zaton za a saurara ba. Kina can kina ba ni amsa da biro, ni ce nake bi ta layin nan kullum.

Kar ki yi fushi da ni. Ba ni da wanda zan faɗa wa wannan sai ke. Ki sa mu a addu'a, ko Allah Zai sa a ɗaga mana ƙafa zuwa rani.

Ƙanwarki,
Auta

* * *

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina kuma fatan ƙafar ta yi sauƙi. Direba ya ce kin karanta takardata kin ninke, kin ce ba ki da amsa a wannan karon. Na gode da ba ki ƙirƙiro ta ba. A gaida ɗanmu da iyalinsa, a shafa mini kan yaran.

Ba a ɗaga ƙafa ba. Katafila ta zo da safe, yara na shirin makaranta. Ba a yi wata hayaniya ba, mutane sun riga sun gaji, kowa ya fito da kayansa ya tara a bakin titi ya tsaya yana kallo. Bangon gidan Tela bai farfashe ba, ɗungurungum ya kwanta, da layinsa miƙe sambal da kifayensa suna kallon sama. Shi kuwa yana can yana ɗaure kekensa a kan kura, ya juya wa gidan baya har aka gama. Sun koma ɗaki ɗaya a gidan ƙanensa, can ƙarshen gari. Ɗakin ba zai ɗauke su duka ba, don haka Lauya za a kai ta wurin gwaggonta a wani gari. Zancen makaranta kuwa, uwar ta ce sai abin da hali ya yi. Tsohuwa mai babban kifi ban san inda aka kai ta ba, na tambaya ba wanda ya sani.

Bayan kwana kaɗan aka yi ruwa mai ƙarfi. Ya taho ya tokare a katangar mai gidan bulo kamar yadda ya saba, ya dawo, ya tarar babu gidajen da ke tare shi, sai ya zarce layi na biyu, wanda bai taɓa sanin ambaliya ba. Lambatun ko cokali ba a sa an yashe ba.

A makon ne kuma ƙungiyar da ke tallafa mana ta aiko da takardar yabo mai zanen zinariya a gefe. Sun ga labarin shuɗin layi a jarida, wai cibiyarmu ta zama abin koyi wajen horar da matasa shugabanci, suna son Lauya ta zagaya sauran cibiyoyi ta koya musu yadda aka yi. Na kifa ta a kan bokitin yoyo, ta yi daidai da bakinsa.

Sitonmu an ce mako mai zuwa, da shi da sauran gine-gine masu jan fenti da katafilar ba ta kai gare su ba ranar. Mai siton ya zo ya cire ƙofofin ciki da tagogi. Na raba wa yara fenti da buroshi da kayan wasan kwaikwayo. Ban nemi wani wurin ba, Yaya. Ko na samu, ban san uwar da za ta ba ni ɗanta ba, ban kuma san me zan koya masa ba.

Jiya Alhamis na buɗe don majalisar ƙarshe, ban zaci kowa zai zo ba. Sai ga 'yan ƙananan nan na layi na biyu, waɗanda suka shigo lokacin da muke tashe, ba su fi a ƙirga da yatsu ba, ƙafafunsu duk taɓo, da gwangwanayen fentin da na raba musu a hannu. Suka jera kujeru da kansu yadda suka ga ana yi. Na koma bencina ni kaɗai. Ana cikin haka Lauya ta shigo, ta zo sallama ne don yau za ta tafi. Ta rame, rigar nan shuɗiya ta yi mata yawa. Yaran suka miƙe da murna, wata ta ruga ta danƙa mata makirufo. Ta karɓa, ta juya shi a hannu, ta mayar wa yarinyar. Sannan ta ratsa kujerun ta taho har baya ta tsaya a kaina.

“Malama, matsa mini,” ta ce.

Na matsa, ta zauna. Yaran suka ɗan yi cirko-cirko, sannan suka ci gaba, don sun san doka. Yarinyar da ke riƙe da makirufo ta ce ruwa ya shiga ɗakinsu ya jiƙa littattafanta, kuma tana da shawara. Tunda fenti ya rage, su ma su ja layi a gidajen layi na biyu, su ɗauki hoto su kai wa hukuma, don ta ga katangar mai bulo ce ke jawo abin. Sauran suka hau tafi. Yaya, layi na biyu ma ba su da takarda, kowa ya sani, Lauya ta fi kowa sani. Na raɗa mata cewa ta tashi ta gaya musu, ita za su ji, har yanzu ita ce shugabarsu. Ba ta kalle ni ba.

“A ina nake zaune?” ta ce.

Ni ce na tashi. Na taka dokarki a gaban kowa, na karɓe makirufon daga hannun yarinyar, na ce ba za a ja wani layi ba, kowa ya ajiye fentin da na ba shi ya tafi gida. Na ce in ruwa ya shiga ɗaki a kwashe da kwano a yi shiru, haka iyayensu suka yi suka kwana a gidajensu. Suka yi ta kallo na, ƙaramar ta fara hawaye, suka ajiye gwangwanayen suka fita ɗaya bayan ɗaya. Na san gidajensu na tsare musu, kuma na san abin da na koya musu a madadin haka. Da na waiwaya bencin, Lauya ta riga ta tafi, ba mu yi sallamar ba.

Makirufonki yana cikin ledar maganin ƙafa, ki duba a ƙasa. Bencin ya fi ƙarfin motar direba, zan bar wa katafila. In ɗanmu zai iya ba ni gefen ɗakinki na ɗan lokaci, ki aiko mini, ba na son in kasance a unguwar ranar da za a zo.

Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Auta